Na'urar IRM mai tesla 3: yaya za a daidaita ta don hoton ƙwaƙwalwa a asibitocinmu?

Manip_Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan sashen hoto. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu sabawa da na'urar IRM, wato MRI da ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, mai ƙarfin tesla 3. A cibiyar da nake aiki mun daɗe muna amfani da mai tesla 1.5, kuma da aka kafa sabuwar sai aka kwashe tsare-tsaren ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na tsohuwar aka zuba mata kamar yadda suke, bisa zaton cewa tunda ƙarfin maganaɗisu ya ninka, hoto ma zai ninka kyau ba tare da an taɓa komai ba. Abin da muke gani ya saɓa wa wannan zato. Hoton T2, wanda ruwa ke yin haske a cikinsa, ya yi kyau ƙwarai, babu mai musu a kai, amma T1, wanda ruwa ke yin duhu a cikinsa, na sekans ɗin SE (tsarin ɗauka na spin echo) yana fitowa a shafe, da ƙyar ake bambanta farin sashen ƙwaƙwalwa da mai launin toka, har likitanmu ya ce na tsohuwar na'ura ya fi masa sauƙin karantawa. Ban da wannan, na'urar tana yawan tsayar da mu da gargaɗin SAR, wato ma'aunin zafin da bugun rediyo ke zuba wa jiki, ta ce sai an ƙara TR, tazarar lokaci tsakanin bugu da bugu, ko an rage yawan yanka, ga marasa lafiya jere a kan benci suna jira. Me ya kamata a fara canzawa, kuma akwai tsari guda da za a iya cewa shi ne daidai ga hoton ƙwaƙwalwa a wannan ƙarfi?

Fisiks_Ngaundere:
Wa alaikumus salam, Malam. Na'urarku lafiyarta ƙalau, abin da kuka gani shi ne abin da ake tsammani. A tesla 1.5 ƙwayoyin haidurojin na jiki suna amsawa a kusan MHz 64, a tesla 3 kuwa kusan 128, kuma wannan ninkin yana jan abubuwa da yawa tare da shi, wasu riba wasu asara. Ribar ita ce sigina, wadda a lissafi take kusan ninkawa idan aka gwada ta da ƙurar hoto, ko da yake a aikace ba kasafai ninkin yake cika ba. Ni ina kallon wannan ƙarin kamar jarin ɗan kasuwa, sau ɗaya ake kashe shi, kuma wanda bai zauna ya tsara abin da zai saya da shi ba zai wayi gari ya ƙare bai san inda ya shiga ba.

Ga lissafin. Tazarar da ke tsakanin amsawar kitse da ta ruwa tana kusan Hz 220 a tesla 1.5, a tesla 3 kuwa kusan 440. Idan ka bar faɗin zangon karɓa (bandwidth) a Hz 130 ga kowane fiksel, kitsen fatar kai da na bayan ido zai goce daga mazauninsa da fiksel fiye da 3, alhali a da bai kai 2 ba. Don mayar da shi inda yake sai ka ninka zangon zuwa 260, kuma wannan zai ci kusan kashi 30 cikin 100 na sigina. Idan likita ya nemi a rage kaurin yanka daga milimita 5 zuwa 3, kashi 40 na abin da ya rage su ma sun tafi. A nan kaɗai, 2 sau 0.71 sau 0.6 ya ba ka 0.85, wato ka riga ka sauka ƙasa da inda kake a tsohuwar na'ura, tun kafin ka kunna GRAPPA ko SENSE don saurin ɗauka, wanda a ninki 2 shi ma yana cin aƙalla wasu kashi 30. Saboda haka, kafin a taɓa ko da lamba ɗaya, ya kamata ku zauna da likitanku ku yanke shawara a kan kowane sekans: siririn yanka ake so a nan, ko gajeren lokaci. Ba a samun duka biyun a cike.

Dr_Binuwai:
Bayanin Malam Fisiks_Ngaundere ya yi daidai, sai dai bai taɓa ainihin ƙorafin likitan ba, wato T1. Yayin da ƙarfin maganaɗisu ya ƙaru, lokacin T1 na tsokar ƙwaƙwalwa, wato lokacin da take ɗauka ta farfaɗo bayan bugu, yana ƙara tsawo, don haka TR ɗin milisakan 500 da ya wadatar a da bai ba ta damar farfaɗowa yadda ya kamata ba. Ga kuma wata matsala ta ɗaukar yanka da yawa a lokaci guda, domin bugun rediyon da ake aika wa maƙwabtan yanka yana danne siginar farin sashe, kuma farin sashen shi ne ya kamata ya yi haske a T1. Wanda ya dage sai ya yi SE zai iya rage kusurwar bugun farko daga digiri 90 zuwa wajen 70, ya kuma bar tazara tsakanin yanka ko ya raba su kashi biyu. Wannan yana taimakawa, amma ni ban ga dalilin wahalar ba.

Shawarata ita ce ku bar SE a matsayin T1 na yau da kullum, ku koma MPRAGE na 3D. Sekans ne da aka sani tun 1990, kuma a tesla 3 ana yawan yin sa da TR 2300, TI (jiran da ake yi bayan bugun juyarwa) 900, kusurwa digiri 9, da boksel, wato fiksel mai kauri, na milimita 1 ta kowace fuska. Da saurin ɗauka ninki 2, minti biyar ko makamancin haka yake ci, ƙasa da haka idan an ƙara saurin ɗauka, kuma daga ɗauka ɗaya za ka fitar da hoto ta gaba, ta gefe da ta sama. Wanda yake son 2D yana da T1 FLAIR, da TR wajen 2000 da TI wajen 900, sai dai shi yana ɗaga SAR, abin da kuke kuka da shi tun farko.

Hajiya_Rediyo:
Game da SAR, ƙanena Manip_Garwa, tambayata ta farko ita ce ko kuna da sikeli a ƙofar ɗakin. Na ga wurare da dama inda ma'aikaci yake duban mara lafiya da ido ya rubuta kilo 70 ga kowane baligi, alhali da wannan lambar na'urar take yin lissafinta. Idan lambar ba gaskiya ba ce, ko ta hana ka aikin da ya halatta, ko ta ƙyale ka ka zafafa wanda bai kamata ba, musamman yaro ramamme. Bayan sikeli, sai kusurwar bugun maidowa a TSE, wato SE mai sauri. Zafin da ke shiga jiki yana tafiya da murabba'in kusurwar, don haka saukowa daga 180 zuwa 150 yana rage kusan kashi 30 cikin 100, saukowa zuwa 120 kuwa yana rage fiye da rabi, kuma a 150 ido ba ya ganin wani bambanci a T2. Akwai kuma zaɓin bugu mai ƙarancin SAR a yawancin na'urori. Ku yi waɗannan tun a cikin tsarin da aka adana, kada ku jira na'ura ta tsaya sannan ku danna amincewa da TR ɗin da ta ba ku, domin a T1 wannan ƙarin TR yana ƙara shafe hoton.

Injiniya_Kuseri:
Hajiya ta kawo mu kusa da abin da ni ya fi damuna. SAR yana tafiya da murabba'in ƙarfin maganaɗisu, wato sekans iri ɗaya yana zuba zafi kusan ninki 4 a tesla 3. Ƙa'idar IEC 60601-2-33 ta ƙayyade W/kg 3.2 ga kai a matsakaicin minti 6, ga jiki duka kuwa W/kg 2 a matakin al'ada da 4 a mataki na farko mai sa ido. Abin da ake mantawa shi ne waɗannan lambobin an gina su ne a kan cewa zafin ɗakin bai wuce digiri 25 ba. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin waje yana haura digiri 40 a Garwa, Marwa da Njamena, kuma a daidai wannan lokaci ne ruwan madatsar Lagdo, mai samar da wutar lantarki, yake ja baya. Idan na'urar sanyaya ɗaki ta gaza, mara lafiya yana shiga ramin da gumi a jikinsa, rigar da ta jiƙe kuwa da fatar da ta manne da fata, kamar cinya da cinya ko hannu da gefen ƙugu, su ne hanyar ƙuna. A ba shi busasshiyar riga ta auduga, a sa matashi tsakanin gaɓoɓi, a kunna iskar cikin rami, mai zazzaɓi da mai juna biyu kuma kada a fitar da su daga matakin al'ada.

Sannan maganaɗisun kansa yana zaune ne a cikin ruwan hiliyam a kusan digiri 269 ƙasa da sifili, kuma injin da ke riƙe wannan sanyi ya dogara da wuta da ruwan sanyi dare da rana. Duk gyaran TR da TI da za ku yi ba zai yi amfani ba ranar da janareta ya ƙi tashi da tsakar dare.

Dan_Logon:
Ku gafarce ni idan na fita layi kaɗan, amma maganar Injiniya ta sa dole in tambaya ko yankinmu yana buƙatar tesla 3 tun asali. Binciken da aka yi a Blantyre ta ƙasar Malawi, wanda ya fito a 2015, ya nuna cewa kumburin ƙwaƙwalwa mai tsanani yana tare da mutuwar yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa: an gan shi a kashi 84 cikin 100 na waɗanda suka rasu, da kashi 27 na waɗanda suka rayu. Da na'ura mai tesla 0.35 aka gano wannan. Yanzu ma akwai masu tesla 0.55 da ke riƙe hiliyam ƙasa da lita 1, alhali na gargajiya suna ɗaukar sama da lita 1000. Mutumin da ya taso daga Yagwa ko Mokolo da shanyewar ɓarin jiki, abin da yake buƙata shi ne na'urar da ke aiki ranar da ya iso, a kuɗin da danginsa za su iya haɗawa.

Dr_Binuwai:
Malam Dan_Logon, maganarka tana da ƙarfi ga wanda bai riga ya saya ba. Mai tambaya kuwa na'urar tana ɗakinsa, kuma akwai cututtukan da ƙaramin ƙarfi ba zai nuna su ba, zan zo kansu.

LikitarYara_Marwa:
Ni ta ɓangaren yara nake kallon abin, kuma ban gamsu da cewa a mayar da komai 3D ba kamar yadda Dakta Binuwai ya nuna. Yaro ɗan shekara 6 ba ya kwanciya minti biyar cur bai motsa ba, kuma a 3D motsi ɗaya yana ɓata tarin hoton gaba ɗaya, babu yankan da zai tsira. Yaranmu masu sikila su ne misali. Abin da ake nema a wurinsu shi ne ƙananan tabon toshewar jini da ba su nuna alama a jiki, kuma ma'aunin da aka saba da shi shi ne tabo mai aƙalla milimita 3 da aka gani ta fuska biyu a FLAIR, wato hoton T2 da aka baƙanta ruwan ƙwaƙwalwa a cikinsa. Sa wa mai sikila maganin barci yana da haɗarinsa, shi ya sa ake so a yi hoton yana farke. Don haka a wurina ƙarin siginar tesla 3 gara a kashe shi a kan lokaci: FLAIR na 2D ta sama da ta gaba, kowanne minti biyu ko kusa da haka, sannan DWI mai nuna sabuwar toshewar jini, sannan TOF na jijiyoyin jini, wanda ko shakka babu ya fi kyau a tesla 3 saboda tsawon T1 yana ƙara danne tsokar da ke bayan jijiya. Idan yaron yana da rawar kai sosai, PROPELLER ko BLADE yana jure motsi fiye da TSE na al'ada. Kuma a toshe masa kunne da kyau, domin ƙarar tana iya wuce desibel 100, kuma yaron da ya firgita a sekans na farko ba zai ba ka na biyu ba.

Manip_Garwa:
Na gode muku duka. Sikeli muna da shi, amma kusurwar TSE tana 180 a dukan tsare-tsaren, za mu sauke ta. Tunda an ambaci FLAIR, ga wata matsalar da ban faɗa ba a farko. Abokin aikina ya rage TR daga 9000 zuwa 7000 don a samu lokaci, ya bar TI a 2500, kuma tun daga nan ruwan ƙwaƙwalwa ba ya yin baƙi sosai, yana fitowa da launin toka a cikin kogunan ƙwaƙwalwa da tsagogin samanta. Ƙarfin maganaɗisun ne ya jawo, ko canjin da aka yi?

Manip_Mundu:
A ganina ƙarfin ne. Tunda an ce T1 yana ƙara tsawo a tesla 3, sai a ƙara TI zuwa 2800.

Fisiks_Ngaundere:
A'a, Malam Manip_Mundu, wannan zai ƙara ɓata hoton. T1 na tsoka ne yake ƙaruwa sosai da ƙarfin maganaɗisu, na ruwan ƙwaƙwalwa kuwa yana nan wajen sakan 4 da ɗoriya a na'urorin biyu. Abin da TI yake bi shi ne TR. Idan TR ya gajarta, ruwan bai gama farfaɗowa ba kafin bugu na gaba, don haka yana ratsa sifili da wuri, kuma dole TI ya sauko ya tarye shi. A TR 9000 ana samun sa wajen 2500, a TR 7000 kusa da 2200, a FLAIR na 3D mai TR 5000 kuwa wajen 1800. Lambar 2800 da ka ambata ana amfani da ita ne tare da TR 11000. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki yanka kaɗan a kan ma'aikaci mai lafiya da ya yarda, a gwada TI uku kusa da juna, a zaɓi wanda ruwan ya fi yin baƙi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin haske a tsagogin ƙwaƙwalwa a FLAIR shi ne abin da likita ke karantawa a matsayin zubar jini ko sanƙarau.

UmmuFadila_Anestezi:
Ina ƙara wani abu a kan na Malam Fisiks. Ko TI ya yi daidai, mara lafiyan da ke shaƙar iskar oksijin mai yawa, kamar wanda aka sa wa barci, ruwan ƙwaƙwalwarsa yana iya yin haske a FLAIR, saboda oksijin da ya narke a ciki yana gajarta T1. Ina roƙon ma'aikata su riƙa rubuta wa likitan hoto cewa an ba da oksijin da kuma yawansa, don kada a rubuta wa yaro sanƙarau da ba shi da shi.

Dr_Binuwai:
Na yi alkawarin dawowa kan cututtukan da suka sa tesla 3 ta cancanci wahalarta, kuma na farkonsu farfaɗiya ce. A 2019 ILAE, ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya, ta fitar da tsarin da ake kira HARNESS, mai ginshiƙi uku: T1 na 3D a milimita 1, FLAIR na 3D a milimita 1, da T2 na 2D ta gaba mai tsananin kaifi, da aka daidaita shi a tsaye bisa tsawon hifokamfus, wani ƙaramin sashe a gefen ƙwaƙwalwa da farfaɗiya ke yawan tasowa daga gare shi, da fiksel wajen milimita 0.4 da kaurin milimita 2. Ana iya yin sa a tesla 1.5, amma wannan T2 ɗin a can ko ya yi ƙura ko ya yi tsawon da mara lafiya ba zai jure ba. Ƙanƙancewar hifokamfus da ƙaramin lahani a tsarin ɓawon ƙwaƙwalwa suna ɓuya a yankan milimita 5, a rubuta wa mutum cewa hotonsa lafiya, ya ci gaba da faɗuwa shekara da shekaru.

Mu a nan kuma akwai abin da ya kamata a ƙara. A Mayo-Danay da Mayo-Kebbi ana kiwon alade, kuma tsutsar da ke yin ƙulli a ƙwaƙwalwa tana nan. Ina tunatar da 'yan'uwa cewa kamuwa da ita ba ta buƙatar cin naman, ƙwanta ake haɗiya ta gurɓataccen abinci ko ruwa, don haka kada addinin mara lafiya ya sa a cire ta daga lissafi. Kan tsutsar a cikin ƙullin yana fitowa sarai a CISS ko FIESTA, sekans masu siririn yanka da ke haskaka ruwa, musamman idan ƙullin yana cikin kogon ruwa, inda T2 na al'ada ke haɗiye shi. Wanda ya riga ya mutu ya daskare kuwa SWI, sekans mai saurin jin ƙarfe da daskarewa, ne ke nuna shi, kuma a nan tesla 3 tana da riba ta gaske, domin TE, jiran da ake yi kafin karɓar sigina, 20 ya isa inda tesla 1.5 take neman 40. Duk da haka sikana, wato CT, har yanzu ita ce mafi sauƙi wajen tabbatar da daskarewa. Ga 'yar'uwa LikitarYara_Marwa, ban ce a yi wa kowane yaro 3D ba, amma mai farfaɗiyar da ta ƙi jin magani ya cancanci rabin sa'a ko da da maganin barci.

Hajiya_Rediyo:
Dakta ya ambaci SWI, kuma wannan saurin jin ƙarfe da ya sa SWI ya yi kyau shi ne yake ba mu wahala a sauran hotunan. Wata rana an kawo min wata dattijuwa da ake zargin matsalar jijiyar gani, hoton farko ya fito da baƙin gibi a gaban idanu biyu kamar an gutsure su. Ta cire 'yan kunne, ta cire fil ɗin hijabi, amma kwalli yana nan raɗau a idonta. Da ta wanke fuska aka sake ɗauka, gibin ya ɓace. Wasu kayan kwalliyar ido suna ɗauke da sinadarin ƙarfe, kuma abin da a tsohuwar na'ura zai zama ɗan tabo a gefe, a tesla 3 yana cinye wurin da ake son gani. Haka zaren kitso mai ƙyalli, da ƙananan maƙalai da ake sokewa a gashi. Laya da guru kuwa ba a ganin abin da ke cikin fatar da aka ɗinke su da ita, sai a roƙi mutum cikin ladabi ya ba ɗan'uwansa ya riƙe masa a waje.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ƙarfen da ke cikin jiki. Maƙeri da mai walda a tambaye su ko tartsatsin ƙarfe ya taɓa shiga idonsu, a yi hoton rediyo idan akwai shakka, haka wanda ya taɓa samun raunin harsashi ko na fashewar bam, kuma a Arewa Mai Nisa da yankin tafkin Cadi ba su da wuyar samu. Duk abin da aka dasa a jiki, idan takardarsa ta ce tesla 1.5 kaɗai, to bai halatta a tesla 3 ba. Bututun rage ruwan ƙwaƙwalwa mai bawul da ake saitawa kuma a duba saitinsa bayan an fito.

Manip_Njamena:
Ko babu kwalli, DWI a tesla 3 yana murɗewa a saman kogon goshi da kusa da ƙashin kunne, inda iska da ƙashi suka haɗu da tsoka, har wurin ya yi haske kamar sabuwar toshewar jini. A nan ban taɓa barin saurin ɗauka a kashe ba, ninki 2 aƙalla, domin yana gajarta jerin amsawar EPI, hanyar saurin karɓa da DWI ke amfani da ita, yana rage murɗewar, yana kuma ba da damar sauke TE. Ina barin b, ma'aunin ƙarfin DWI, a 1000, alƙiblar fas (phase) daga gaba zuwa baya, kuma kullum ina tura taswirar ADC, mai tantance ko hasken na gaske ne, tare da hoton. Idan ana zargin tushen ƙwaƙwalwa, ina ƙara wani DWI na milimita 3. Mai RESOLVE, wato DWI da ake ɗauka kashi-kashi, ko makamancinsa ya fi mu samun hoto mai tsabta, amma lokacin yana ƙaruwa, kuma mai sabuwar shanyewar jiki sau da yawa ba ya iya nutsuwa.

Dr_Shari:
Babu wanda ya taɓa batun allurar gado, wato gadoliniyam mai ƙara hasken hoto, kuma ita ce take ƙara wa iyali kuɗi. Tunda haskenta ya fi fitowa a tesla 3, ina ganin rabin awo ya isa a mafi yawan lokuta.

Dr_Binuwai:
Gaskiya ne hasken ya fi fitowa, Dakta, amma ban ba da shawarar a mayar da rabin awo ƙa'ida ba. Awon da aka sani shi ne mmol 0.1 ga kowane kilo, wato ml 0.2 ga kilo idan maganin mai ƙarfin 0.5 ne, ml 0.1 idan mai 1.0 ne, kuma wanda za a riƙa bibiyar ƙarinsa yana buƙatar hotuna masu awo iri ɗaya don a gwada na bana da na bara. Inda za a sami riba kyauta shi ne jira: a bar aƙalla minti 5 tsakanin allura da T1, a cike wannan lokaci da T2 ko DWI. A duba aikin ƙoda, domin haɗarin yana ga wanda eGFR ɗinsa, ma'aunin tacewar ƙoda, ke ƙasa da 30, kuma tun 2017 Turai ta dakatar da yawancin magungunan gado masu miƙaƙƙen sinadari ta bar masu sinadari mai siffar zobe. Wani abu kuma, a MPRAGE bayan gado ƙananan jijiyoyi suna haske har su yi kama da ƙullin tarin fuka ko yaɗuwar daji, shi ya sa T1 na 3D irin na TSE, wanda ke baƙanta jini, ya fi dacewa da neman ƙananan ƙulli. Mu da muke cikin yankin sanƙarau kuma, FLAIR bayan gado yana nuna kumburin rigar ƙwaƙwalwa fiye da T1, da sharaɗin an gyara TI ɗin da aka yi magana a kai.

Dan_Logon:
To kun ga yanzu T1 ya zama iri uku a bakin likita ɗaya. Mai tambaya tsari guda ya nema.

Manip_Mundu:
Kuma idan tesla 3 tana da wannan rikici, yaya masu tesla 7 suke yi?

Fisiks_Ngaundere:
Amurka ta amince da tesla 7 don aikin asibiti a 2017, ga kai da gwiwa. A can tsawon zangon rediyo a cikin jiki yana sauka zuwa wajen santimita 11 ko 12, ƙasa da faɗin kai, don haka tsakiyar hoto tana haske, ƙasan ƙwaƙwalwa yana duhu, sai da dabaru irin su MP2RAGE. A tesla 3 zangon yana kusan santimita 26, kuma a kai abin bai wuce ɗan haske a tsakiya ba, wanda tacewar daidaita haske take gyarawa.

Manip_Garwa:
Mun zauna da likitanmu da waɗannan bayanai. Kusurwar TSE ta koma 150 kuma gargaɗin SAR ya ragu sosai, FLAIR mun mayar da shi TR 9000, faɗin zangon karɓa an ninka shi. Inda muka tsaya shi ne T1 ɗin da na fara tambaya a kai. Likitan ya ga MPRAGE ya yaba da bambancin sassan, amma ya ce idonsa ya saba da SE wajen ganin jini da kitse da ƙashin gindin kai, kuma yana so a bar duka biyun, abin da zai ƙara wa kowane mara lafiya minti uku ko fiye. Ku da kuke karanta hoto, kun bar SE gaba ɗaya ne, ko kuna riƙe da shi?

Dr_Binuwai:
Ni na bar shi a tsarin yau da kullum, ina kiran sa ne kawai idan akwai ƙarfe kusa, kamar haƙorin roba mai maƙali ko waya, domin GRE, dangin sekans da MPRAGE yake ciki, ya fi shi lalacewa a wurin, ko kuma idan ana duban glandar fituwitari da siririn yanka.

LikitarYara_Marwa:
Mu a wurin yara 'yan ƙasa da shekara 8 muna riƙe da T1 na 2D, saboda dalilin motsin da na faɗa, MPRAGE kuma sai idan yaron ya yi barci da kansa. Malam Manip_Garwa, antenar karɓar sigina ta kai da kuke da ita mai tasha nawa ce? Idan mai 20 ce, ba zan wuce ninki 2 a saurin ɗauka ba, idan kuwa mai 32 ce ko 64, za a iya gwada 3 a ga ko MPRAGE zai sauko kusa da minti uku, sai mu sake duba maganar.